Na'urar GPS ko wayar aljihu: da wacce za a fita farautar ajiya da yara a Kaduna?

Ƙanena ne ya tayar da maganar. Ya ga hotunan da na saka a zauren WhatsApp na gidanmu, yara sun yi buɗu-buɗu da ƙura suna ɗaga wata 'yar roba sama kamar waɗanda suka ci kofi, sai ga kiransa. "Yaya, wannan abin mai ruwan ɗorawa da ke hannun babban naka, nawa ake sayar da shi? Nawa yaran sun tasa ni gaba." Na ce masa ya dakata tukuna, kada ya kai hannu aljihu sai mun zauna. Abin da na zayyana masa a zaure bayan la'asar shi ne na kawo nan, don na san ba shi kaɗai ne zai yi wannan tambaya ba.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Wani ya sami 'yar roba mai murfi, ya zuba ɗan littafi da fensir da 'yan tarkacen yara, ya ɓoye ta a wani wuri, ya rubuta lambobin da GPS ta nuna na wurin. Wasu su karɓi lambobin su bi har su gano ta, su sa hannu a littafin, in sun ɗauki abu su ajiye wani mai daraja kamarsa ko fiye, su mayar da robar yadda suka same ta. Da Turanci geocaching ake kiransa, a gidanmu farautar ajiya muke ce masa. Ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka a zamanin Bill Clinton ta daina dagula saƙon GPS da take bai wa farar hula, wanda a da yakan kauce da mita ɗari. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon ya sanar da lambobinsa, a watan Satumba kuma aka buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75. Yanzu sun haura miliyan uku a duniya.

To amma ka buɗe taswirar shafin ka duba. Jamus da Ingila ba masaka tsinke. Ka gangaro Najeriya, ƙalilan ne, warwatse nesa da juna. Ma'ana, iyalin da ke Kaduna ba za su tarar da ajiyoyi birjik suna jiransu ba. Su ne za su ɓoye, su ne za su nema, ko su haɗa kai da gida biyu ko uku a riƙa yi wa juna. Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya, domin rabin abin da ake yabon na'urorin nan da shi, kamar ɗaukar bayanan dubban ajiyoyi a ciki, ba mu da inda za mu yi amfani da shi.

Na fara da daidaito, tunda shi kowa ke fara tambaya. Waya da na'ura duk taurarin ɗan'adam ɗaya suke sauraro, waɗanda ke shawagi a nisan wajen kilomita 20,200, kuma kowacce na buƙatar aƙalla huɗu kafin ta ce ga inda kake. A fili fetal, misali tsakiyar Dandalin Murtala, duka biyun za su kai ka tsakanin mita uku zuwa biyar na wurin. Na gwada sau da yawa, na aza wayata da tsohuwar na'urata, Garmin eTrex 10, a kan dutse ɗaya, bambancin bai taɓa kai abin da za a yi musu a kai ba. Inda suke rabuwa shi ne ƙarƙashin manyan itatuwa irin na Unguwar Rimi da tsohuwar GRA, ko a lungu tsakanin dogayen katangu da rufin kwano, inda saƙon ke bugun bango kafin ya iso. A nan ƙaramar waya takan riƙa tsalle, yanzu ta ce saura mita huɗu, an jima ta ce goma sha biyu, alhali kana tsaye ko motsi ba ka yi ba. Na'urar ta fi natsuwa. Sai dai manyan wayoyin da ke karɓar saƙo ta zango biyu, abin da ya fara da Xiaomi Mi 8 a 2018, suna iya kamo tsohuwar eTrex har su wuce ta. Kuma kada a manta kuskure biyu ne ke haɗuwa, na wanda ya ɓoye da na mai nema. Duk abin da ka riƙe, idan ya ce saura mita biyar, sa shi a aljihu ka buɗe ido. A nan ne auta, wadda ba ta iya karanta lamba ba, take yawan kayar da yayyenta.

Wani abu kuma, za ka ga an rubuta WAAS a jikin kwali ana cewa yana ƙara daidaito. Na Arewacin Amurka ne, ɗan'uwansa EGNOS kuma na Turai. Kada ka ƙara ko sisi saboda su.

Abin da ya fi daidaito tasiri a wasan yara, a ganina, shi ne kibiya. Yaro ba ya bin lamba, kibiya yake bi. Akwai na'urar da ke da kamfas na gaske a ciki, wadda ko kana tsaye ka juya, kibiyar za ta juya. Akwai wadda sai kana tafiya take gane inda ka fuskanta. A cikin samfuran eTrex, 10 da 22x suna cikin kashi na biyu, 32x da SE suna da kamfas. Haka ma wayoyi: da yawa daga cikin masu arha ba a sa musu kamfas ba, shi ya sa manhajar alƙibla ma ba ta aiki a kansu. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gwaji. In wayarka na nuna alƙibla daidai idan ka juya ta, za ta yi farautar ajiya. In ba ta nunawa, yara za su sha wuya a mita goman ƙarshe, domin daidai lokacin da suka rage sauri suna dube-dube ne kibiyar ke rikicewa. Na sha ganin babban nawa yana zagaye bishiyar darbejiya ɗaya kamar mai ɗawafi, har sai da na koya masa ya ja da baya taku ashirin, ya taho a miƙe da sauri, ya lura da inda kibiyar ta nuna kafin ta fara rawa.

A taswira kuwa waya ta yi wa na'ura fintinkau. Allon eTrex inci 2.2 ne, na 10 da SE ma baƙi da fari ne, kuma babu titunan Kaduna a ciki. Kibiya za ta ce maka saura mita 200 gabas, ba za ta gaya maka akwai katangar wani ko kwata ko ma kogin Kaduna a tsakani ba. Waya za ta nuna maka hoton unguwar daga sama, ka ga ta inda za ka zagaya. Masu launi kamar 22x da 32x suna zuwa da taswira, amma ta yankin da aka yi nufin sayar da su, don haka wadda aka shigo da ita daga Amurka tana iya zuwa da tsaunukan can ba Kawo ba Kakuri. Ana iya sauke taswirar OpenStreetMap a zuba a katin memori, sai dai aiki ne na mai kwamfuta da haƙuri. A waya kuwa minti kaɗan ne: manhajar OsmAnd ko Organic Maps, ka sauke taswirar Najeriya a gida, shi ke nan. Mutane da yawa ba su san GPS ɗin waya ba ya cin data ba. Taswira ce ke ci. In ka riga ka sauke ta, ko babu sabis ko kaɗan ɗigon nan mai shuɗi zai ci gaba da bin ka, illa dai zai ɗan jima kafin ya fara kamawa.

Ina da wani ra'ayi a nan da ba kowa zai yarda ba. Rashin taswirar nan wani lokaci alheri ne. Idan yara suka ga hoton sama da ɗigo a kan bishiya ta uku daga kwana, wasa ya ƙare tun kafin a fito daga gida. Da kibiya da lamba kaɗai, dole su yi shawara, su yi gardama, su koyi ina ne arewa.

Sai batir da rana, inda na'ura ke rama kayen da ta sha. Ka kunna GPS a waya, ka ƙure hasken allo don ka iya gani a ranar Maris ko Afrilu, cikin awa biyu ko uku za ta yi zafi kamar dutsen guga, caji na zuba, wani lokaci ma ta rage hasken da kanta. Allon na'ura an yi shi ne don rana, ƙara haske ƙara fitowa. eTrex 10 da 22x da 32x suna kai awa 25 da batir biyu irin na rimot babba, wato AA, SE kuwa da ta fito a 2023 kamfanin ya ce tana kai awa 168. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, abin da ba ya jiran caji ba abin rainawa ba ne. Sharaɗi ɗaya: batir mai arha na rediyo ba ya jurewa, sai alkalin ko masu caji, kuma akwai wurin da za ka gaya wa na'urar irin wanda ka sa don ma'aunin ya faɗi gaskiya. In za a ajiye ta fiye da wata, a cire batiran, kada su zubar da ruwa su cinye ƙarfen.

Amma a yi adalci. An yi awa 168 ɗin nan ne don masu kwana da kwanaki a daji. Mu a halin tsaron da ake ciki, ba na ba kowa shawarar ɗaukar yara a nausa jeji saboda wasa. Farautarmu ta cikin gari ce, gidajen 'yan'uwa, lambun wani da aka sani, wurin shaƙatawa, awa biyu bayan la'asar a dawo kafin magariba. Wayar da aka cika da caji da ɗan fawa-banki a jaka ta ishi wannan.

Dalilin da ya sa har yanzu na fi son na'urar ba ya cikin kwali. Ina iya miƙa wa yaro ɗan shekara tara ita in bar shi ya ruga. Ta faɗi a kan kwalta, ta faɗi a cikin taɓo, an wanke ta a famfo, tana nan. An yi ta da jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har rabin awa, don haka ruwan Agusta da ke sauka ba sallama ba ya tayar min da hankali, haka ma ƙurar hunturu. Wayata kuwa banki na ciki, lambobin mutane na ciki, aikina na ciki. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin da ake nufi da ƙwacen waya, kuma yaro mai tafiya a bakin titi ya ƙura wa allo ido, waya a miƙe a gabansa, ai kiran ɓarawo ne. Ga kuma abin da uwargida ta lura da shi tun kafin ni: ranar da aka fita da waya, kafin a kai ajiya ta biyu wani ya buɗe bidiyo, ko kira ya shigo a tsaya ana jirana. Na'ura ba ta da komai sai kibiya. Tunda dama don a raba su da allo aka fito, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita ma tana da nata jan ido, irin wanda masu rubutu daga Turai ba za su taɓa kawowa ba. Mai riƙe da waya a titi ba wanda zai kalle shi sau biyu. Mai riƙe da abu mai ruwan ɗorawa yana taku yana tsayawa a gefen fili, kowa ya san shi: mai awon filaye ne. Wata Asabar muna bin wata ajiya a bayan gidan surukaina, sai ga wani dattijo ya taso daga kan tabarmarsa. "Alhaji, lafiya dai? Titi ne zai biyo ta nan?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, wasa ne nake yi da yara." Bai gamsu ba sai da auta ta zaro robar daga kogon bishiya ta nuna masa alewar roba da maɓallai. Ya yi dariya ya ce zamani ke nan. Da ba tare da yara nake ba, ban san inda zancen zai tsaya ba.

Wannan ya kawo ni ga ita kanta ajiyar, don ko da wacce ka fita, a nan ake samun matsala. Garin da ya ga tashin bama-bamai a 2012 ba ya wasa da ƙunshin da ba a san mai shi ba. Kada a ɓoye komai kusa da barikin soja, ofishin 'yan sanda, masallaci, coci, makaranta, gada ko layin dogo, kada ma a tsaya ana ɗaukar lambobi a irin waɗannan wurare. Dokokin shafin na duniya su ma sun hana yawancin wannan, sun hana haƙa rami a binne, sun hana sa abinci, sun ce a nemi izinin mai wuri, kuma a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Mu nan akwai ƙari. Abin da aka naɗe da baƙar leda aka cusa a gindin bishiya, in ba a ce bam ba ne, za a ce sammu ne. A yi amfani da roba garai-garai da ake ganin cikinta, a rubuta da Hausa a jiki cewa wasan yara ne. Gwangwanin ƙarfe kuwa, 'yan jari-bola za su riga ka. Littafi a sa shi a leda mai zif saboda damina da gara, yara kuma a koya musu tona kogo da sanda kafin hannu, saboda kunama.

Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce a raba farautar zango-zango. Wuraren jama'a ba a ajiye komai a cikinsu, tambaya kawai ake amsawa. Misali a wurin shaƙatawa na Gamji akwai gadar ƙafa ta Gwamna Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka dawo da ita Kaduna a 1954. Sai a ce wa yara su binciko shekarar gina ta, su ɗauki lambobi biyun ƙarshe su cike gurbin da aka bari a lambobin zango na gaba. Robar kanta tana can ƙarshe a gidan kawu, inda ba mai taɓa ta. A irin wannan salon ana yawan shigar da lambobi da hannu, kuma a nan na'ura tana da gajiyarwa, ɗaya bayan ɗaya da ɗan maɓallin nan mai kama da kan ashana. A waya ka kwafo daga WhatsApp ka liƙa. Sai dai yarana sun fi riƙe ma'anar lambobin tun da suka fara shigar da su da yatsa. Sun san Kaduna tana wajen digiri 10 da minti 31 arewa, digiri 7 da minti 26 gabas, kuma lambar ƙarshe, ta uku bayan ɗigon minti, ɗaya tak in ta sauya an matsa kusan mita biyu.

Tarko biyu ne a nan, duka na faɗa cikinsu. Na farko, Google Maps yana rubuta digiri da ɗigo, masu wannan wasa kuwa digiri da minti suke rubutawa. 10.52 daidai yake da digiri 10 da minti 31.2. Wanda ya karanta shi a matsayin minti 52, kibiya za ta tura shi wajen kilomita 38 arewa, ya kama hanyar Zariya. Na biyu ya shafi na'ura ta hannu. Tawa daga wurin wani abokina mai awon filaye na saye ta, ashe a kan tsarin awo na Minna take, wanda taswirorin Najeriya suka daɗe suna amfani da shi, alhali waya da shafin duk tsarin WGS 84 suke bi. Ranar farko na ɗauki lambobi da waya na shigar a na'ura, yara suka yi ta tono a jikin katangar maƙwabci, robar na can wajen mita 80 daga inda suke. "Abba, anya ba ka manta inda ka sa ba?" Sai da dare na gano. Duk wanda ya sayi ta hannu ya fara duba wannan kafin komai.

Kuɗi ne zai yanke hukunci a gidaje da yawa. SE ta fito a kan dala 150, 22x dala 200, 32x dala 300, kowa ya buga da canjin yau ya ƙara kuɗin kawowa. Manyan na'urorin Garmin da ake kira GPSMAP sun fi haka, kuma sayensu don neman roba a gidan kawu kamar yanka sa ne don baƙo ɗaya. Waya tana aljihunka. Manhajar Geocaching kyauta ce, ko da yake sai masu biyan kuɗi take buɗe wa ajiyoyi masu wuya, manhajar c:geo kuma kyauta ce ɗungurungum a Android. Mai ɓoye nasa ma duk ba ya buƙatarsu, manhajar taswira da ke ajiye wuri ta nuna kibiya ta wadatar.

Ga yadda na raba wa ƙanena. In yara ƙanana ne, ƙasa da shekara bakwai, waɗanda dama kai ne za ka riƙe abin suna biye da kai, waya ta isa, kada ka sayi komai. In akwai tsohuwar waya a durowa mai kamfas, wadda ba layi ba banki a cikinta, ita ce ta fi kowacce dacewa da mu: a sauke taswira, a goge sauran manhajoji, a sa mata riga mai kauri, in ta fashe ba a yi asarar kirki ba. Rauninta batir ne da ya tsufa da allon da rana ke kashewa. Na'ura sai ga gidan da aka yi wata biyu ko uku ana fita kuma yara ba su gaji ba, akwai masu shekara tara zuwa sama da ke son a raba su ƙungiya biyu a yi tsere. A nan zan ce SE in sabuwa ce, saboda kamfas da batir, ko eTrex 10 ta hannu in an same ta da sauƙi, a haƙura da kibiyar da sai ana tafiya. 32x sai wanda zai kuma yi aikin gona ko fili da ita.

Mai sayen ta hannu ya tafi da batiransa. Ya buɗe bayanta ya duba ko akwai farin gari ko tsatsa a mazaunin batir, ya latsa maɓallan gefe don robar jikinsu ce ke fara tsagewa, ya fito da ita waje ya kunna. In ta daɗe a ajiye ko daga wata ƙasa ta zo, za ta ɗauki 'yan mintoci kafin ta kama taurari, wannan ba laifi ba ne. In an yi kwata na awa a fili ba ta kama ba, a mayar wa mai ita.

Ƙanena dai ya tono tsohuwar Tecno ɗin matarsa, muka gwada ta da alƙibla ta nuna daidai. Na ba shi aron eTrex ɗin na mako biyu don yaransa su taɓa duka biyun. Asabar mai zuwa su ne da ɓoyo a Malali, mu ne da nema, kuma na riga na ja masa kunne ya turo lambobin da digiri da minti.